Yumɓu a Zango na Biyu

Asbury Pettiford ba ya shiga wuri bai duba ƙasarsa ba. Ko ƙofar coci ce, ko bakin kogi inda ake jiran jirgin fito, sai ya rage tsawo a hankali, don gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasa, ya ɗebi ƙasa ya murza tsakanin yatsu, ya shinshina, sannan ya kakkaɓe hannu a wando. Ranar da aka binne surukarsa ma sai da ya yi. Matarsa Minerva ta zungure shi, ya ce da ita ƙasa-ƙasa, "Yashi ya yi yawa. Ba za ta riƙe ruwa ba."

Mutanen Marlow Ferry sun san shi da kula da filin ƙwallon sanda, wasan nan na Amurka da ake jefo ƙwallo a buga da sanda a ruga da gudu. Garin tangaran ne, rabin mazan a matoya suke yini, ranar Asabar da yamma kuwa kowa na fili. Shi ke yanke ciyawa, shi ke zuba alli a layi, shi ke ɗaure buhunan nan uku da masu gudu ke takawa kafin su dawo gida inda suka yi bugu, kowane buhu zango guda. Samari sun ɗauka da manjagara aka haife shi. Tsofaffi sun san ba haka ba ne, sai dai ba su cika son a tayar da zancen ba.

Kafin manjagara, ɗan wasa ne. A shekarar 1887 shi ke tsaron zango na biyu a ƙungiyar Marlow, kuma shi kaɗai ne baƙar fata a duk ƙungiyoyin da ke kwarin kogin. Mai tsaron zango na biyu idonsa na kan ƙwallon da ake jefo masa, ga kuma wani ƙato na tahowa a guje ta gefe. A da mutanen kwarin da ciki suke zamewa zuwa buhu, hannu a gaba. Asbury yakan ce albarkacinsa suka koyi zamewa da ƙafa. Kamar wasa yake faɗa. Takalman dai da ƙusoshin ƙarfe a ƙarƙashinsu. Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ya samo katakon tsohuwar ganga ya fere, ya riƙa ɗaurawa a ƙwauri cikin safa. In an daka, 'yan kallo su ji ƙwas, su yi dariya.

Akwai wani Con Dunphy a ƙungiyar Tipton, gajere mai jan gashi, ga gudu ga baki. Wata Asabar kafin a fara wasa ya zauna a bencin baƙi da magagari yana wasa ƙusoshin takalminsa, bai ko juya baya ba. Da Asbury ya zo wucewa ya kira shi.

"Kawu." Dunphy ya girme shi, amma haka suke kiran kowane baƙar fata in sun so yin ladabi. "An ce da ganga kake yawo a ƙafa. Giya ce a ciki ko man alade?"

"Zo ka ɗanɗana," in ji Asbury.

"Ina tafe. Amma ni ta sama nake buɗe ganga."

Bai yi ƙarya ba. A zagaye na uku ya taho, ƙwallo ma ba ta bar hannun mai jefowa ba, ya ɗaga ƙafa ta wuce inda katako ya tsaya. Alƙalin wasa ɗaya ne tak a fili, shi kuwa wani wuri yake kallo. Dunphy ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya dubi abin da ya yi, ya ce, "Ashe ba murfi."

Likita ya ɗinke abin da zai ɗinku. Kafin gwiwar ta warke, masu ƙungiyoyin kwarin sun gana sun yi shawara a tsakaninsu game da baƙaƙen 'yan wasa. Ba wanda ya kori Asbury. Da bazara ta zo ya koma fili, aka gaishe shi da kyau, aka miƙa masa manjagara.

Minerva ta so su tashi. Wanta na da shagon aski a Pittsburgh, ya ce akwai kujera ɗaya da ba kowa. Asbury ya ce yana da abin da yake jira a nan. Ba ta tambaye shi ko mene ne ba, don ita ke wanke tsumman gwiwar. Dunphy kuwa ya yi gaba, manyan birane suka ɗauke shi. Abin bai dami Asbury ba. Ya san ƙafar mai gudu tana tsufa kafin mai ita, kuma duk wanda ya hau daga ƙananan garuruwa ta nan yake saukowa.

Ya koyi ƙasa kamar yadda ya koyi ƙwallo. A zamanin nan kowane mai kula da fili yana gyara wa 'yan gida shimfiɗa. Layin zango na uku a ɗan karkace shi, yadda in ɗan gida ya dungure ƙwallo a hankali za ta gangaro ciki. Inda mai jifan baƙi ke ɗibar ƙasa ya goge gumin hannu, a barbaɗa garin sabulu. In baƙi masu gudu ne, a shayar da zango na farko har ya zama fadama. Ba mai kiran wannan ha'inci, don kowa na yi, kuma kowa na sa ran a yi masa in ya je garin wani. Saboda haka in an ga Asbury da baro da sassafe, ba a leƙa abin da ke ciki.

Cikin 'yan wasan da suka zo suka wuce ta hannunsa, ɗaya ne ke ce masa Mista Pettiford. Lafe Ostrander ke nan, ɗan wani mai hura matoya, dogo siriri, shi ke fara riƙe sanda a ƙungiyar Marlow. Yakan zo da wuri da ƙullin taba, ya zauna a kan baro.

"Mista Pettiford, jiya ka ga yadda suka kama ni a na biyu? Kamar kaza."

"Kaza ta fi ka dabara. Kai tsaye kake zuwa, kamar mai kai saƙo."

"To yaya zan zo?"

Asbury ya nuna masa. A jefa jiki ta bayan buhu, nesa da hannun mai tsaro, a bar yatsun ƙafa ɗaya kawai su ƙugiya gefen buhun. Ya ja layi da ƙotar manjagara daidai inda diddige zai sauka. Lafe ya tambaye shi a ina ya koya, tunda a zamaninsa ba ya zamewa haka. Asbury ya ce ya taɓa ganin wani yana yi, kuma ya samu lokacin yin tunani a kai. Kafin kaka ba mai iya kama Lafe a duk kwarin. Har aka fara cewa wani mutum daga babban birni zai zo ya gan shi.

A shekarar 1896 Dunphy ya sauko. Tipton ta mayar da shi kyaftin. Ya yi ƙiba, jan gashin ya ja baya, amma waɗanda suka gan shi sun ce halin na nan: shi ke fara riƙe sanda, ko ta yaya sai ya kai zango na farko, ko da kuwa zai miƙa haƙarƙari ƙwallo ta same shi ne, kuma jifa ɗaya yake jira ya sheƙa na biyu.

Ranar Asabar da Tipton za ta zo, Minerva ta fito da safe ta ga baro a ƙofar gida an rufe shi da buhu jiƙaƙƙe. Ta ɗaga. Ta daɗe tana aikin goge tangaran kafin aure, ta san shuɗin yumɓun da ake haƙowa bayan matoya.

"Wannan ba ƙasar fili ba ce."

"Ƙasa ce dai."

"Kwano za ka gina?"

"Ɗan ƙarami. Na mutum ɗaya."

Ta saki buhun. "In wani ya riga shi sa hannu fa?"

"Baƙo ke fara ci. Gorsuch bai taɓa saɓawa ba."

Haka ne kuwa. Doka ta ba kyaftin ɗin gida zaɓi, ko su fara bugu ko baƙi su fara. Gorsuch, kyaftin ɗin Marlow, mutum ne mai camfi, tun da ya karɓi ƙungiyar baƙi yake ba wa farko. A kan wannan Asbury ya ɗora komai. Ya haƙe bayan buhu na biyu, tsawon kamu biyu, ya cusa yumɓun ya daddaɓe, ya yayyafa ruwa daidai yadda zai riƙe abin da ya shige shi, sannan ya barbaɗa busasshiyar ƙasa a kai. Ƙusa in ta shiga nan ba ta zamewa. Ƙafa za ta tsaya, sauran jiki ya ci gaba da tafiya. In an ɗauke Dunphy, shi za a kira ya share wurin, ya kwashe yumɓun ya zuba yashi kafin ɗan gida ya taka. In kuma Dunphy bai samu kaiwa nan ba, to ai kullum yakan shiga da manjagara in ƙungiyoyin za su yi musanyar bugu. Ya juya abin ta kowane gefe shekara da shekaru, bai ga ɓaraka ba.

Fili ya cika har kan shinge. Mutumin babban birni ma ya zo, yana zaune a gaba da farar hula. Alƙalin wasa ya kira kyaftin biyu, ya warware sabuwar ƙwallo daga takardarta. Ƙwallo ɗaya ake yini da ita. Da fari tauri gare ta, tana tashi kamar tsuntsu. Zuwa ƙarshe ta yi baƙi da tofin taba, ta yi laushi kamar ruɓaɓɓen tuffa.

Asbury na jingine da shinge kusa da su, yana jin komai.

"Gorsuch, an ce har yanzu kana tsoron fara bugu," in ji Dunphy. "Tsohuwarka ce ta hana ka, ko mafarki ka yi?"

"Ɗauki sandarka ka rufe mana baki."

"Zan ɗauka. Ka dube ta da kyau, ka ga fara ce? Kafin ta zo hannun masu gina tukwanenka ta zama dankali. Ka ce mutumin birni ya zo ganin yaronku? To ya ga yadda ake dukan dankali."

'Yan Tipton suka kwashe da dariya. Wuyan Gorsuch ya yi ja. Ya dubi ƙwallon, ya dubi mai farar hula, ya tofar da taba.

"Mu za mu fara."

Lafe ya ɗauki sanda. Jifa na biyu ya dungure ƙwallo ta layin zango na uku, ta gangaro ciki kamar yadda aka gyara mata hanya, kafin a ɗauko ta yana kan buhu na farko. 'Yan kallo suka fara buga ƙafa a katako suna kiran ya tafi.

Akwai lokaci. Wannan ba wanda ya yi gardama a kai daga baya, cikin 'yan kaɗan da suka san akwai abin gardama. Mai jifan Tipton ya tsaya yana goge hannu, ƙwallo na sulɓe masa, yana zagin ƙasar garin. Mai kula da fili yana iya shiga ya ce igiyar buhu ta kwance, ba mai hana shi. Taku kaɗan ne, ko da gurguwar ƙafa. Asbury ya dubi Lafe. Ya dubi Dunphy can tsakiyar fili, hannu a ƙugu. Ba kullum Lafe ke tafiya ba. Gorsuch na iya ba shi alamar ya tsaya. Mai bugu na biyu na iya ɗaga ƙwallo sama a cafke. In Asbury ya shiga yanzu ya tone, Dunphy zai zame a kan yashi mai laushi, ya hau jirgi ya koma, wa ya san ko ƙafarsa za ta kai baɗi. Wani ya ce ya ga Asbury ya ɗaga manjagara daga ƙasa. Minerva na zaune a ƙarshen benci inda ake barin baƙaƙe su zauna, idonta a kansa, ita ba ta ga haka ba.

Lafe ya tafi. Ya jefa jiki ta bayan buhu, diddigensa ya sauka daidai inda aka koya masa. Ƙarar ba ta yi yawa ba, kamar an taka busasshen reshe, amma har masu sayar da gyaɗa sun ji.

Da aka ɗauke shi a kan ƙyauren rumfar 'yan kallo, Gorsuch ya tsaya a wurin, ya tura ƙasa da bakin takalmi, ya ga shuɗi. Bai dubi kowa ba. Ya ce, "Kawu, gyara wurin nan. Yi sauri." Asbury ya turo baro ya durƙusa. Yana cikin kwasa ya ga inuwa a kansa.

Dunphy ya tsuguna, ya ɗauki ɗan curin yumɓu ya matsa a tafin hannu. Ya dubi gwiwar da ke miƙe. A hankali fuskarsa ta washe.

"Kawu mai ganga. Ashe kana nan." Ya rage murya yadda alƙali ba zai ji ba. "Ni aka dafa wa, yaro ya cinye? Kai, ban ji daɗi ba. Duk wannan wahala."

Asbury ya ci gaba da kwasa.

"Kwantar da hankalinka, ba zan faɗa ba. Zuba yashin da kyau, ina tafe."

Ya jefa curin cikin baro. Da nasu bugun ya zo ya kai na farko, ya sheƙa na biyu, ya zame a kan sabon yashi lafiya lau. Ya miƙe, ya nemi inda Asbury yake, ya ɗaga masa hula. Mai farar hula kuwa tun kafin zagaye na huɗu ya tafi tasha.

Ƙafar Lafe ta haɗu, amma a karkace. Aka ba shi aikin karɓar tikiti a ƙofar fili. Duk Lahadi bayan coci yakan biyo ta gidan Asbury da ƙullin taba, su zauna a baranda, ƙafafu biyu a miƙe, suna zancen wanda ya iya da wanda bai iya ba. Lafe ɗan mai hura matoya ne, a kan yumɓun nan ya yi rarrafe, kuma da shi a wandonsa aka kai shi gida ran nan. Bai taɓa tambaya ba. Kiransa Mista Pettiford ɗin ma bai daina ba.

Wanda ya zaci abin ya sanyaya Asbury bai san shi ba. Wata rana suna cin abinci ya ce da Minerva, ba tare da an tambaye shi ba, "Da mutumin nan ya riƙe bakinsa, da Gorsuch bai sauya ba. Da yaron nan yanzu yana birni. Ƙafa biyu ke nan ya ci a garin nan."

Minerva ta ajiye cokali. "Da ka taka taku goma fa?"

Sau ɗaya ta faɗa. Shi ma bai sake kawo zancen a gabanta ba. Amma bai bar fili ba. A ƙarshen shekarar ƙungiyar Tipton ta watse, Dunphy ya yi yamma, aka daina jin ɗuriyarsa. Asbury ya ci gaba da yanke ciyawa. Gorsuch ya tafi, wasu suka zo. Aka rushe tsohuwar rumfa aka gina sabuwa, aka haƙa wa 'yan wasa ramin zama a kowane gefe, da matakalar katako mai hawa huɗu. Minerva ta rasu a wani hunturu. Daga nan ba sauran mai ɗaga buhu ya ga abin da ke cikin baro.

A bazarar 1912 aka manna sanarwa a shagon aski: wata ƙungiya mai yawo gari-gari za ta zo ranar Asabar, manajanta tsohon gwani Con Dunphy. Masu fatauci da suka gan shi a wasu garuruwa suka ce ya zama kamar buhun hatsi, da sanda yake tafiya, amma har yanzu ba ya yarda wani yaro ya riga shi shiga rami. Shi ne gaba, yana zagi, sauran na biye. Asbury na kan kujerar aski lokacin da ake wannan hira. A lokacin numfashi ya fara yi masa gardama, ko baro ba ya iya turawa sai ya huta. Ya tambayi mai aski ko maƙwabcinsa kafinta zai ara masa ƙaramin zarto.

Lafe ne ya fara zuwa fili ranar Asabar, don buɗe ƙofa. Ya ga ba a zuba alli ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya kira, shiru. A ramin baƙi ya sami Asbury, zaune a ƙasa bayan matakala, ya jingina da bango, hularsa a cinya, jiki ya riga ya yi sanyi. Zarton na maƙale a hawa na biyu, ta ƙarƙashi, ta inda mai saukowa ba zai gani ba. An tattara garin katakon a cikin hanki, an ajiye gefe.

Lafe ya durƙusa ya duba hawan. Sannan ya zare zarton, ya sa hankin a aljihu, ya tuɓe kwat ya rufe gawar, ya je ya kira mutane. Da kafinta ya zo karɓar kayansa ya tambaya me tsohon ke yi da zarto a rami, Lafe ya ce gyara yake yi. Bai ce a duba matakalar ba. Ƙila ruɗewa ce.

Ba a fasa wasa ba, tunda baƙi sun riga sun sauka a tasha. Dunphy ya shigo ta ƙofa yana huci, ya dubi layin da wani ya zuba a karkace.

"Wa ya yi wannan, makaho? Ina Kawu mai ganga? Ko ya gudu da ya ji ina tafe?"

"Mista Pettiford ya tashi daga aiki," in ji Lafe.

Ya bar ƙofar ba mai tsaro, ya bi su a baya da ɗingishinsa har bakin rami. Dunphy ya dogara sanda, ya sa ƙafa a hawa na farko, ya sauke dukan nauyinsa a na biyu. Katakon ya yi ƙara, ya ɗan lotsa, ya riƙe shi. Ya wuce ya zauna yana neman ruwan sha. Abin da ya rage wa zarton bai fi kaurin yatsa ba.